Zabura 117 da rigimar harshe a majami'a

TAMBAYA: Baba, ina gaisuwa. Ni ce shugabar ƙungiyar mawaƙa a majami'armu da ke Sabon Tasha. Fasto ya ba mu Zabura 117 mu rera ranar godiyar girbi, sai rigima ta tashi. Dattawa sun ce a yi ta da Hausa kawai, matasa na son Turanci, matan Bajju da na Gbagyi kuwa kowa na son baiti da harshensa. Ga kuma wata 'yar'uwa a cikinmu, bara aka yi garkuwa da ɗanta, an biya kuɗin fansa amma har yau bai dawo ba. Ta ce bakinta ba zai iya furta cewa amincin Ubangiji har abada ne ba. Yaya zan yi?
Wata 'yarka, Sabon Tasha, Kaduna

AMSA: 'Yata, sannu da ɗawainiya. Ban san ko Fastonku da gangan ya zaɓi wannan zabura ba, amma ya taɓo inda yake ciwo.

Aya biyu ce kacal. Duk Littafi Mai Tsarki babu sura mafi gajarta da ita, kuma a jerin surori 1,189 da muke da su, ita ce ta tsakiya. Aya ta farko ta kira dukan al'ummai su yabi Ubangiji. Ta biyu ta faɗi dalili: ƙaunarsa gare mu mai girma ce, amincinsa ba ya ƙarewa. Ki lura, Isra'ilawa ne masu waƙar, amma baƙi suke kira su shigo fili. Ba su ce sai kun zama kamar mu ba tukuna.

Manzo Bulus ya ɗauko ayar farkon nan a Romawa 15:11, kuma masu rigima yake rubuta wa. A ikilisiyar Roma akwai Yahudawa da waɗanda ba Yahudawa ba, suna ta sa-in-sa kan cin nama da kiyaye ranaku, kamar yadda sura 14 ta nuna. Ya ce musu su karɓi juna yadda Almasihu ya karɓe su. Wahayin Yahaya 7:9 kuma ya nuna taron da ba ya ƙirguwa, daga kowace kabila da kowane harshe. To, in can ba a hana kowa harshensa ba, ban ga dalilin da za a hana shi a Sabon Tasha ba.

Dattawanku ina girmama su, sa'o'ina ne, amma a nan ba na bayansu. Su tuna Hausar da suke karewa ita ma shigowa ta yi cikin sujada. Dokta Walter Miller, wani Bature ɗan mishan, ya zauna a Zariya daga 1905 yana fama da fassara, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa kuwa sai a 1932 ya fito. Kakannin yawancinmu na kudancin Kaduna a kasuwa da ajin baftisma suka koyi Hausa. Ta haɗa mu, ta yi mana rana, har gobe ita ce ke sa Ba'atyap da Bagbagyi su zauna a benci ɗaya su fahimci wa'azi. Amma na sha ganin tsohuwa a Zumuntar Mata tana bin waƙar Hausa a hankali, tulunta a cinya tana bugawa sama-sama, da an juya waƙar zuwa harshen uwarta sai ki ga ta miƙe, ɗankwali na zamewa ba ta ma sani ba. Wanda ya taɓa ganin haka ba zai kira shi ƙabilanci ba.

Shawarata: amshi da Hausa, tunda kowa na ji. Aya ta farko a zagaya da ita harshe-harshe, har da Turancin yaran nan. Gajeriya ce, ba za ta ci lokacin wa'azi ba. Ki je wurin dattawan tun kafin ranar, ki durƙusa ki gaishe su, ki nemi ɗayansu ya buɗe da baitin Hausa.

Maganar 'yar'uwar nan ita ta fi nauyi a zuciyata. Kada ki tilasta mata, kada kuma ki bari wani ya ce mata bangaskiyarta ce ta yi rauni. Abin da nake so ki sani, ko da ba yanzu za ki faɗa mata ba: wannan zabura tana cikin jerin 113 zuwa 118 da Yahudawa ke rerawa a Idin Ƙetarewa. Markus 14:26 ya ce Yesu da almajiransa sun yi waƙa bayan cin abincin wannan idi, kafin su fita zuwa Dutsen Zaitun, shi ya sa masana da yawa ke ganin waɗannan zaburoyin ne suka rera. In haka ne, Ubangijinmu ya rera amincin Allah a daren da ya san za a bashe shi. Haka Makoki 3:22-23, inda aka ce jinƙansa sabo ne kowace safiya, a kan kufan Urushalima aka rubuta shi, bayan Babila ta ƙone birnin ta kwashe 'ya'yan mutane. Waɗanda suka bar mana kalmomin nan sun san jiran ɗan da bai dawo ba.

Saboda haka ki ce mata ta zo ranar, ta sa kayan ƙungiya, ta tsaya a wurinta na kullum. In ta iya amshi ta yi, in ta kasa ta yi shiru, sauran za su ɗauke mata. Ki sa mata biyu da ta saba da su a gefenta. Ki kuma roƙi Fasto a ambaci sunan yaron a addu'ar ranar, in ta yarda, a kuma ware mata wani abu daga hatsin godiya, domin gidan da ya biya kuɗin fansa da wuya ka tarar da rumbunsa a cike. Ki rubuto mini bayan bikin in ji yadda ta kaya da dattawan.