Tambaya da Amsa: An Shafa wa Tsamiyarmu Jan Fenti

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Malam. A ƙofar gidan mahaifinmu, cikin birnin Kano, akwai wata tsamiya da kakata ta ce ita ma haka ta taso ta gan ta. Da hantsi almajirai ke karatun allo a gindinta, bayan la'asar dattawa su gaje wurin, nan ma aka ɗaura aurena. Makon jiya aka zo aka shafa mata jan fenti, wai za a faɗaɗa titi a ja lambatu, kuma za a dasa sababbi goma a madadinta. Yayyena sun ce in yi shiru, titin ma ai muna so. Akwai abin yi, ko sai haƙuri?

Daga wata mai karatu, Kano

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Yayyenki suna da gaskiya a kan titin da lambatun. Duk wanda ya ga yadda ruwa ke kwana a lungunan birni cikin watan Agusta, tun da aka cike kududdufai aka yi gini a kai, ba zai ƙi magudanar ruwa ba. Sai dai jan fentin nan alama ce kawai ta masu awo, kuma layin da aka ja a takarda yana karkatuwa idan an yi magana kafin katafila ta iso. Bayan ta iso kam, sai dai labari.

Zancen sababbi goma bai cika mini ciki ba. Tsamiya ba ta da gaggawa. Wadda aka shuka daga ƙwallo takan yi shekara 6 zuwa 8 kafin ta fara 'ya'ya, inuwar da za ta ɗauki makarantar allo kuwa sai jikokinki. Kuma wa zai riƙa ba su ruwa a watan Maris da Afrilu? Wa zai kare su daga awaki? Ki karɓi goman, a yi musu keji, amma kada a ce sun biya tsohuwar.

Ki duba sunayen unguwanninmu: Durumin Iya, Durumin Zungura, Tsamiyar Boka, Rimin Kebe, har Kasuwar Rimi. A Zariya ga Rimin Tsiwa da Rimin Doko. Da bishiya kakanninmu ke kwatance, da ita suke raɗa wa wuri suna. A shekarar 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa hanya, aka gina wata sabuwa. Ita ƙofa ko ba komai an samu magina sun tayar da wani abu a gurbinta, duk da har yau raina bai daina sosuwa ba in na bi ta nan. Bishiya mai shekara ɗari ba ta da magini.

Yanzu ga abin da na fi so ki riƙe, don nan ake yawan yin asara. Ana iya cewa an bar muku ita, amma a kashe ta ta ƙasa. Yawancin saiwoyin da bishiya ke shan ruwa da su ba su wuce zurfin mita ɗaya ba, kuma suna bazuwa har su zarce inda inuwarta ta tsaya. A wani wurin da na taɓa aiki akwai jerin maɗatai masu kyau. Aka haƙa lambatu dab da gindinsu, aka datse saiwoyin gefe guda, aka malala siminti har wuya. Damina ta farko lafiya lau. Ta biyu rassan sama suka fara bushewa. Ta uku iska ta kayar da ɗaya, sai aka sare sauran wai don tsaro. Masana itatuwa a Ingila suna da ma'auni: a bar wa saiwa fili da ya kai faɗin gindin sau 12. Ki sa a zagaya gindin da igiya daidai ƙirji, a ninka tsawon igiyar sau huɗu, kusan tazarar da za a bari daga gindin ta kowane gefe ke nan. A cikin birni da wuya a samu duka, amma kuna iya roƙon a mai da lambatun ɗaya gefen titin, ko a haƙa wajen da hannu ba tare da an datse manyan saiwoyi ba, a kuma bar ƙasa a buɗe kewaye da gindin.

Kada ki tafi ke kaɗai. Mahaifinku ko babban yayanku ya sami mai unguwa, shi ya kai wa dagaci da hakimi, a rubuta takarda da sa hannun dattawan da ke zama a wurin da malamin makarantar allon, a kai kofi ma'aikatar muhalli. A nemi ganin injiniyan aikin da kansa, don lebura ba shi da ikon sauya layi. Liman ma yana da abin faɗa: Abu Dawud ya ruwaito gargaɗi mai tsanani ga mai sare magarya, ya kuma bayyana cewa ana nufin wadda matafiya da dabbobi ke fakewa a inuwarta, a sare ta ba da hakki ba.

Abu ɗaya zai sa in sauya magana. A kira malamin daji ya duba ta. In ya tarar cikinta ya zama kogo, ko ta karkata kan ɗakunan mutane, to rai ya fi, sai ku tara ƙwallayenta na bana ku shuka. In kuwa lafiyarta ƙalau, ki sake rubuto mini da tsawon igiyar nan da kuma taku nawa ne daga gindinta zuwa bakin kwalta, in taya ku tsara takardar.