Sani, kan maganar 'yan dubiya

Sani, saƙonka ya iso. Wai tunda aka fara yi wa Innarka kemo, wato maganin ciwon dajin mama da ake sawa ta ƙarin ruwa, a Asibitin Malam Aminu Kano likita ya ce a rage 'yan dubiya, kai kuma kana tambaya ko al'ada ta yarda a tare mutum a ƙofa. Na yi dariya, yau kai ne da neman al'ada. Amma dariyar ba ta yi nisa ba.

Ku da aka yi wa kaciya kuna cikin zanen goyo ba ku san ɗakin 'yan kaciya ba. A da sai an gama girbi, hunturu ya kankama, sannan a tara yara 'yan shekara bakwai zuwa takwas. Akwai shekarar da aka tara wajen goma a zauren mai unguwa, kowa da kara a tsakanin gwiwoyi, ga wuta a tsakiya, ga wani tsoho a bakin ƙofa da sanda. Matar dagaci da kanta ta zo da soyayyar kaza a akushi. Tsohon bai ko miƙe ba, ya nuna mata ƙasa da sandar. Ta ajiye, ta yi wa yaran sannu daga waje, ta juya. Ba wanda ya ce an ci mata fuska. Iyayenmu kan ce zumunta a ƙafa take, kuma ai ƙafar ta zo.

Ga dalilin likita: kemon nan kamar feshin ciyawa yake. Ƙwayoyin daji rabuwa suke yi ba tsayawa, shi kuma ya bi jini yana kashe duk ƙwayar da ya tarar tana saurin rabuwa. Bai san gero ba, bai san ciyawa ba. Shi ya sa yake taɓa saiwar gashi, da fatar cikin baki da hanji, da ɓargo, inda ake ƙera jini. Gashi zai zube mako 2 zuwa 3 bayan ƙarin ruwan farko, ya kuma tsiro in an gama, kada wani ya ce sammu ne. In jan maganin nan ake sa mata, doxorubicin, fitsari zai yi ja kwana ɗaya ko biyu, ba jini ba ne. Abokin tafiyarsa cyclophosphamide yana son a sha ruwa da yawa saboda mafitsara. In wurin allurar ya yi zafi ko ya kumbura ana cikin ƙarin ruwa, a kira nas nan take, don jan nan in ya zuba a tsoka ƙona ta yake yi.

Ɓargon ne abin tsoro. Yawanci duk kwana 21 ake komawa, kuma tsakanin kwana na 7 da na 14 fararen ƙwayoyin jini, masu yaƙi da cuta, suke yin ƙasa sosai. A kwanakin nan murar da kai za ka kwana ka tashi da ita, ita tana iya kwantar da ita. Mai tari, da yaro mai ƙyanda ko ƙarambau, su tsaya a zaure. Mai shiga ya wanke hannu da sabulu. Nonon talla da ba a dafa ba, da abincin da ya kwana, a ɗauke mata. Ka sayi ma'aunin zafin jiki. Da ya nuna 38, ko tsakar dare ne ku nemi mota. Kada ku ce zazzaɓin cizon sauro ne ku aika kyamis, kuma kada a ba ta farasitamol kafin a auna, ɓoye zafin yake yi. Wanzami ma ya huta: ba ƙaho, ba sakiya, don jininta ba ya saurin tsayawa yanzu.

Abin da ke ba ni haushi da dubiyar yanzu, a cika mota a zo, a zauna har la'asar, kowa da gorar jiƙonsa. Ban raina sassaƙe ba, paclitaxel da ake bayarwa daga baya ma asalinsa ɓawon itace ne. Amma shi da tsawonta da nauyinta ake auna shi, kuma sai an duba jini kafin kowane zagaye. Jiƙon gora wa ya auna? Hanta da ƙodar da ke fama da kemo su za a ƙara wa kaya. Kuma in ƙarin da ke maman ya motse bayan zagaye biyu, ba warkewa ba ce, a cika adadin da likita ya yanka.

Goggonninka kuwa, ba kai za ka tare su ba, ka yi ƙanƙanta. Ka shimfiɗa tabarma a zaure, ka ajiye buta da sabulu. Ranar kasuwa in Allah ya kai mu zan shigo mu gaisa da su. Ka rubuto mini ranar da aka yi mata ƙarin ruwan ƙarshe, in ƙirga kwanakin.