Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Sababbin Jiragen Ƙasan Landan Marasa Matuƙi Suka Yi Jinkiri?

Tambaya: Malam, na ji an ce birnin Landan ya yi odar sababbin jiragen ƙasa marasa matuƙi tun 2019, amma sai a 2025 suka fara ɗaukar fasinja. Tun da kwamfuta ce ke tuƙa su, me ya hana a ɗora su kan dogo da zarar sun iso? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Malam, layin da kake nufi shi ne DLR, ƙaramin layin dogo na gabashin Landan wanda aka buɗe a 1987, yake kuma da tashoshi 45. Tun ranar farko kwamfuta ce ke tuƙa jiragensa. A 2019 hukumar sufuri ta birnin, TfL, ta ba kamfanin CAF na ƙasar Sifaniya kwangilar ƙera jirage 43, daga baya gwamnatin Birtaniya ta biya kuɗin ƙarin 11 domin unguwannin da ake gina sababbin gidaje, suka zama 54. Mafi yawansu za su maye gurbin tsofaffin da ke aiki tun farkon shekarun 1990. Kowane sabon jirgi yana da taragu biyar a haɗe, fasinja zai iya takawa daga goshi har wutsiya, ga na'urar sanyaya iska da wurin cajin waya.

Jirgin farko ya iso Landan a farkon 2023, kuma daga nan ne aiki mai wuya ya soma. Direba ɗan Adam yana ganin yayyafi sai ya sassauta gudu ya taka birki da wuri, amma kwamfuta ba ta yin komai sai abin da aka tsara mata. Tsarin siginar layin yana bin sawun kowane jirgi, yana ƙayyade masa gudu da tazarar da zai bari tsakaninsa da na gaba, kuma wannan lissafi ya dogara ne kacokan ga sanin nauyin jirgin da tsawonsa da ƙarfin birkinsa. An shekara talatin ana daidaita tsarin da halin tsofaffin jirage, saboda haka dole a sake gwada kowace kwana da kowace gangara da sabon jirgin, a busasshen dogo da jiƙaƙƙe, kuma galibi da dare ko a ƙarshen mako, domin da rana jama'a na amfani da layin. A wajen wannan gwaji ne aka gano matsalolin sigina da suka sa aka ɗage ranar farawa. Ban da wannan, kamfanin da ke faɗaɗa wurin ajiya da gyaran jirage na Beckton ya durƙushe a 2023, alhali sababbin jiragen na buƙatar wurin kwana.

Jinkirin ya ci wa fasinjoji tuwo a ƙwarya, domin tsofaffin jiragen sun gaji, har sai da hukumar ta rage zirga-zirga a wasu sassan layin a 2025. Ko bayan da sababbin suka fara aiki, cikin 'yan makonni aka janye su na ɗan lokaci, saboda ɗaya daga cikinsu ya zarce wurin tsayawarsa a tasha lokacin ruwan sama. A ganina hukumar ta yi daidai da ta janye su, ko da yake ya kamata a ce tun wajen sa ranar farawa ta ware wa gwaji isasshen lokaci. Duk jihar da ke shirin layin dogo na cikin gari a Najeriya, ya dace ta tambayi 'yan kwangila wane ne zai ɗauki alhakin daidaita jirgi da sigina, kuma wata nawa aka tanada domin gwaji a damina.

Tambaya: Wato babu ma'aikaci ko ɗaya a cikin jirgin ke nan? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Malama, akwai. Kowane jirgin DLR yana tafiya da ma'aikaci guda wanda ke kula da ƙofofi, yana duba tikiti, yana taimaka wa fasinjoji, kuma an horar da shi ya karɓi tuƙi da hannu idan na'ura ta samu tangarɗa.