Jak ya lume a ƙarƙashin ƙofar Golf 2: fila za ta riƙe, ko sai an yanka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi Golf 2 ƙirar 1988, mai ƙofa biyu da but, inji 1.6 mai kafireto, ina gyara ta da kaina a gida. Niyyata in sa mata inji 2.0 na Golf 3, in kuma ɗan sauke ta ƙasa. Abin da ya hana ni barci shi ne, ran nan na ɗaga ta ta gefen direba sai na ji ƙas-ƙas, kan jak ɗin ya lume cikin ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofa, ƙofar kuma ta ƙi rufuwa sai da na sauke motar. Da na kankare wurin na tarar da rami kamar tafin hannu. Mai gyaran bodi ya ce kada in damu, bodi ne kawai ba shasi ba, zai cusa raga da faiba ya shafe da fila. Iyalina zan riƙa ɗauka a motar nan. In yarda da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka yarda, kuma kada ka ɗauki kowa a motar nan sai an gyara wurin. Ramin bai dame ni kamar ƙofar da ta ƙi rufuwa ba. Ƙofa ba ta canja zama don an ɗaga mota sai in jikin motar ya lanƙwashe, jikin kuwa ba ya lanƙwashewa har ƙofa ta ƙi rufuwa sai abin da ke riƙe da shi ya mutu.

Maganar nan ta "bodi ne kawai ba shasi ba" ita ce ƙaryar da ta fi kowace yawo a wannan sana'a, kullum sai an ji ta, kuma daga bakin waɗanda suka shekara suna riƙe da guduma. Babbar mota da akori-kura su ne masu shasi daban, dogayen ƙarafa biyu da aka ɗora gida a kansu. Golf tun ta farko da ta fito a 1974, da Golf 2 da ta biyo baya daga 1983 zuwa 1992, da 'yan'uwansu irin Peugeot 205 da Starlet, ba su da wannan. Bodin shi ne shasin. Ƙarfe ne siriri aka lanƙwasa aka mayar da shi akwatuna, aka haɗe da ɗigon walda, ƙarfinsa duka yana cikin siffar akwatin ne. Ka ɗauki kwalin ashana ka gwada murɗa shi yana rufe, sannan ka yage gefe ɗaya ka sake gwadawa, za ka gane abin da ya sami motarka.

Wurin da jak ɗinka ya lume shi ne dokin ƙofa, dogon akwatin nan da ya taso daga bayan tayar gaba har gaban tayar baya. Yana da fata ta waje wadda ido ke gani, da ta ciki wadda daɓen mota ya kama, da ƙarin ƙarfe a daidai mazaunin jak. Shi ke hana mota karyewa a tsakiya, shi ke tare bugu in an daki mota daga gefe, a jikinsa ginshiƙin tsakiya ya tsaya, bel ɗin kujera kuma a wannan yankin yake ɗaure. A mai ƙofa biyu irin taka aikinsa ya ma fi yawa, domin bakin ƙofar ya fi tsawo. To a wannan wurin ne wani zai cusa raga.

Fila roba ce da aka cuɗa da hoda. An yi ta ne don cike 'yar lotsawa a kan lafiyayyen ƙarfe, kaurin da bai wuce milimita 3 ba. Ba ta ɗaukar ja, ba ta ɗaukar murɗa. Ga ta da shan danshi: in bayanta a buɗe yake, kamar yadda zai kasance a bakin rami, sai ta tsotsi ruwa ta manna shi a jikin ƙarfen. Tsatsa kuma tana cin wuri fiye da ƙarfen da ta cinye, saboda haka tana kumbura tana tura filar waje, nan da 'yan watanni fenti ya yi ƙuraje. Faiba ta fi fila ƙarfi, amma manne take a kan ƙarfe ba haɗe ba, ranar da aka yi karo ɓantarewa za ta yi gaba ɗaya kamar ɓawon gyambo. Masu fesa kumfar gini a cikin dokin ƙofa su ne suka fi kowa ɓarna, don kumfar tana toshe ramukan zubar ruwa, kuma ranar da mai walda ya zo gyara ita ce za ta fara kamawa da wuta. Wannan duk kitso ne da ƙwarƙwata. Mota ta fito tana sheƙi, kyan ɗan maciji, mai ita na murna, mai aikin ya karɓi kuɗinsa, ba kuma shi ne zai zauna a ciki ba.

Ba ra'ayina ba ne ni kaɗai. A gwajin lafiyar mota na shekara-shekara a Birtaniya, tsatsar da ta raunana ƙarfe mai ɗaukar nauyi a cikin santimita 30 daga inda ƙafar mota, sitiyari, birki ko bel ke ɗaure tana kayar da mota, kuma facin da aka yi a irin wurin sai an zagaye shi da walda ba yankewa kafin a karɓa. Ko ba a yin irin wannan gwaji a inda kake, ma'aunin nan na santimita 30 ya isa ka riƙe shi.

Tsatsar dokin ƙofa daga ciki take cin ƙarfe ta fito waje, don haka ramin da ka gani shi ne ƙarshen labari ba farkonsa ba. Kafin ka sayi ko da noti ɗaya na sabon inji, ka cire kujeru da kafet da abin da ke ƙarƙashinsa, ka ɗora motar a kan ƙafafun tokare huɗu a wuraren da ka tabbatar da lafiyarsu, kada ka shiga ƙarƙashi tana kan jak kawai. Ka ɗauki ƙaramar guduma da sukundireba ka bi ta. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai zaƙi, matacce kuma sai ka ji dum, ko ka ji ɓurɓushi na zuba a ciki. Ka bi da ƙaramin maganaɗisu: inda ya ƙi kamawa, wani ya riga ka da fila. A Golf 2 ka duba dokin ƙofa biyu, bakin mazaunin tayoyin baya, zagayen bakin tankin mai, ƙarƙashin batir, gindin gilashin gaba, ramin safaya, kan hasumiyar shakazoba, da inda gatarin baya ya kama jiki. In waɗannan biyun na ƙarshe sun ruɓe sosai, wani lokaci neman wani bodi mai lafiya ya fi sauƙi, gaskiya ce mai ɗaci amma gara ka ji ta yanzu.

Gyaran kansa ga yadda yake. Gefe ɗaya ake yi a gama kafin a taɓa ɗayan. Motar ta zauna daidai, ba karkace ba, a auna tazarar ƙofa da bodi sama da ƙasa a rubuta. A gitta bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, kamar milimita 25, daga ginshiƙin gaba zuwa na tsakiya ta ciki, a ɗan kama shi da walda, yadda za a iya rufe ƙofa ana dubawa. Wanda ya tsallake wannan ya yanke dokin ƙofa, motar za ta ɗan zauna, ya yi waldarsa a haka, ƙofa kuma ta rabu da rufuwa daidai har abada. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa.

A huda ɗigon waldar kamfani a ɓare fatar waje, kada a sare ta da cizal a yage abin da ke bayanta. A yanka har sai an isa ƙarfe mai haske mai cikakken kauri, sannan a ƙara santimita 2 gaba. A auna kaurin abin da aka cire a inda yake da lafiya a sa irinsa: fatun waje yawanci ba su kai milimita 1 ba, na ciki da mazaunin jak sun fi kauri. Ciki ake fara gyarawa, waje ya zo ƙarshe. Mai faci fatar waje ya bar ta ciki a ruɓe bai fi mai fila da komai ba.

Walda ta MIG ce ta dace, wato wadda inji ke turo siririyar waya da kansa, waya milimita 0.6, da gas. Waldar sanda tana ɓula irin wannan ƙarfe kafin ka ƙifta ido, ta harshen wuta kuma tana gasa faɗin wuri ta murɗe shi, jan ƙarfen da ake narkawa a liƙa kuwa ba haɗi ba ne a wurin da ke ɗaukar nauyi. Inda kamfani ya yi ɗigo, a huda rami milimita 6 zuwa 8 a sabon ƙarfen, tazarar kamar yadda na asali suke, a matse sosai, a fara waldar daga tsakiyar ramin a kan ƙarfen ƙasa a cika. Inda aka haɗa baki da baki, ɗigo-ɗigo ake yi ana tsallakawa ana barin ya huce, har ɗigon su haɗe su zama layi ɗaya. Ka gwada a kan guntaye tukuna: ka haɗa biyu ka ɓare su da ƙarfi. In ƙarfen ya yage ya bar waldar, ta kama. In waldar ce ta ɓalle fes, ba ka shirya taɓa motar ba, ka nemi wanda ya iya ka tsaya a kansa.

Wuta ba wasa ba ce a nan. A cire kan batir. Bututun mai da na birki suna bin ƙarƙashin daɓe, wayoyi suna bin gefen ciki, a kawar da su ko a kare su. A kankare baƙin kwaltar ƙasa aƙalla tafin hannu daga wurin walda. Abin kashe gobara ya kasance kusa, kuma kada a bar motar sai an yi awa ɗaya ana leƙa ta bayan an gama. Kada a wanke wurin walda da maganin wanke birki mai sinadarin kulorin, zafin walda yana mayar da shi iskar guba mai kisa.

In an gama a gurje waldar kaɗan, kada a cinye ta don neman santsi. A shafa fentin shimfiɗa na ifoksi, a bi gaɓoɓi da man toshe tsaga, a tabbatar ramukan zubar ruwa a buɗe suke, bayan fenti a fesa kakin hana tsatsa a cikin akwatin har ya ɗigo. Yanzu ne fila take da wuri, siririya, don ɓoye layin walda.

Sauran burinka kuwa, a bi shi da tsari: jiki, birki, ƙafafu, sannan inji. Injinka na yanzu ƙarfin doki kusan 75 ne, 2.0 mai bawul 8 na Golf 3 kuwa 115. Dangi ɗaya ne, yana zama ba tare da wahala mai yawa ba, amma yana son famfon mai na lantarki mai matsin kusan bar 3 (bar ma'aunin matsi ne) da tiyo mai jure wannan matsi, kuma akwatin fis na 1988 tsohon tsari ne, wayoyin Golf 3 ba za su shiga kai tsaye ba sai an bi su ɗaya-ɗaya da zanen waya a hannu. In injin na ƙarshen zamanin Golf 3 ne, ka karɓo shi da kwamfutarsa da makullinsa da akwatin hana sata, in ba haka ba zai tashi ya mutu nan take.

Birkin gaba ka koma aƙalla faifai mai iska a tsakiya na Golf GTI, milimita 239, ko 256 in ka sami cikakken saitinsa. Ka canja tiyon birki huɗu ko nawa ne ke jikinta, ka duba bututun ƙarfe, ka zuba sabon man birki DOT 4, ana kuma sabunta shi duk shekara 2 saboda yana shan ruwa.

Batun saukewa, wanda zai ce maka a yanke sifirin ko a gasa shi da wuta ƙanin mai fila ne. Gasasshen sifirin ya rasa ƙarfinsa, yankakke kuma yana iya fita daga mazauninsa in taya ta rataya. Ka sayi sifirin da aka ƙera don Golf 2, mai sauke ta milimita 30 zuwa 40, da shakazoba da ta dace da shi. Notin bushin ƙafafun mota ana ɗaure su ne nauyin mota na kan taya. In motarka na da bawul ɗin nan a jikin gatarin baya mai ƙara birki gwargwadon kaya, sai an sake saita shi, domin zai ɗauka an loda motar ne ya riƙa kulle tayoyin baya. Daga nan a kai ta a saita ƙafafun gaba, notin taya kuma a ɗaure su a Nm 110 da sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri.