Amsa: CDKAL1 da ciwon suga

Ɗan'uwa, ka ce gwaji ya nuna canji a ƙwayar gadonka ta CDKAL1, kana tambaya ko ciwon suga ya zama dole ke nan. A'a, haɗarin ne kawai ya ɗan ƙaru. Aikin wannan ƙwayar gado shi ne gyara tRNA (wani ɗan dako a cikin ƙwayoyin jiki) mai ɗauko sinadarin laisin, ɗaya daga cikin tubalan da ake ƙera furotin da su. In gyaran ya yi rauni, sai a riƙa samun kuskure wajen ƙera insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini. Tun 2007 aka gano alaƙar CDKAL1 da ciwon suga nau'i na 2.

Amma fa in akwai masu suga a gidanku, kada ka yi sake. Ni mahaifina yana da shi, shi ya sa duk shekara nake zuwa awon jini da sassafe kafin in karya, shayina kuma cokali ɗaya na sukari ya ishe shi.