Amsa ga ɗan'uwa mai neman mai gyaran libarbar mahaifinsa

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, da farko Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Na karanta tambayarka, ka ce ya bar maka tsohuwar libarba, wato ƙaramar bindigar hannu, ta zamanin Faransa, gangar harsashinta ta daina juyawa, kunamar ta cije, kana neman wanda ya iya gyara a nan Damagaram. Wallahi sai da na ajiye wayar na yi shiru, don abin da ya same ni ke nan, kuma har yau bai bar raina ba.

Tawa ta kakana ce, tsohon sojan Faransa. Irin wadda ake kira samfurin 1892 ce, ƙirar masana'antar makamai ta garin Saint-Étienne a Faransa, mai cin harsashi shida na milimita 8. Sunan masana'antar yana jikinta, shekarar ƙira tana kan bututun. Takardunta na nan, kawuna ya bi ya sabunta su. Abin da ya dame ta kaɗan ne, irin naka, ba ta juyawa. Wani abokina ya ce ai akwai maƙeri da ke yi wa maharba bindigar toka, hannunsa na da kyau. Na ɗauka na kai masa da ƙafata. Ya juya ta sau biyu ya ce ƙaramin aiki ne, in kawo jika goma sha biyar, in dawo bayan sati.

Sati ya zama wata biyu. Yau ya tafi cin kasuwa, gobe yaronsa ne ya ajiye makulli, jibi an yi masa rasuwa. Ranar da ya miƙo min ita a cikin tsumma, na buɗe, ban gane ta ba. Ya bi ta da magagari ya kankare ta tas, wai yana cire tsatsa, tana ƙyalli kamar cokali. Rubutun nan duk ya tafi, rabin lambar ma ya shafe. Ƙarfen ciki mai maido da kunama ya karye a hannunsa, sai ya kai aka yi masa walda, alhali irin wannan ƙarfe in ya sha wuta ya mutu ke nan. Kusoshin duk ya cinye musu kai. Kuma yana tsaye yana murmushi yana jiran in yaba! Da na yi magana sai ya ce ai da ma tsohuwa ce. Na kai wa mahaifiyata, ta riƙe ta, ta shafa wurin da rubutun yake, ba ta ce min komai ba, ta shige ɗaki. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Na bar shi da Allah, amma ko hanyar maƙerarsa ba na bi.

Kada wani ya ce na raina maƙeranmu. Garin nan ne maƙera suka ƙera wa Sarki Tanimun igwa tun kafin Faransawa su shigo a 1899. Amma ƙira daban, gyaran libarba daban. Cikinta ya fi kusa da agogo, mai gyaran keken ɗinki ma ya fi maƙeri fahimtarta.

Kafin komai, takarda. In izinin riƙe ta da sunan marigayi yake, ka je komisariya ko wurin jandarma ka bayyana cewa gado ce, su nuna maka hanya. Kada ka saka ta a aljihu ka ratsa Kasuwar Dole da ita kana neman mai gyara, a halin da ƙasa ke ciki ba wanda zai saurari labarin gado. Ni shafewar lambar nan kaɗai ta sa na yi ta zirga-zirgar bayani, sai tsofaffin takardu da shaidar kawuna suka fitar da ni. Kuma a can ɗin ne za ka tambayi mai gyara. Wanda daga baya ya duba tawa tsohon soja ne da ya yi ritaya, aikinsa ke nan a ma'ajiyar makamai. Shi ya ce min tun farko ba abin da ya lalace, tsohon mai ne ya daskare da ƙurar hunturu ya riƙe ta. Wanki kawai take so. Ka ji fa, wanki kawai.

Ko wa ka samu, ka gwada shi kafin ka sakar masa. In irin tawa ce, gangarta dama take buɗewa, ba hagu ba kamar yawancin libarba, kuma murfin gefenta a kan maɗauri yake, yana buɗewa kamar ƙofa. Wanda ya fara lalube yana neman abin bugawa, karɓe kayarka. Ka ce a gabanka za a buɗe. Ka ɗauki hoton kowane rubutu da lamba. Ka faɗa masa da bakinka ba wuta, ba magagari, ba walda.

Don Allah kuma ka tabbata ba harsashi a ciki, tsofaffinmu da yawa a ɗure suke ajiye su, ga yara a gida. Tsofaffin harsasan da ka tarar ka miƙa wa hukuma, kada ka gwada ko ɗaya, kada kuma wani ya cusa mata na zamani don ya ga ya shiga. Ka fitar da ita daga kuben fata, fata na riƙe danshin damina. Man gyaɗa ma kada ya taɓa ta, shi ke yin danƙo, ɗigon man keken ɗinki ya isa.

In ba ka samu gwani ba, ka bar ta yadda take, ba harbi za ka yi da ita ba. Ni da na bar tawa a cije, da yau rubutun da kakana ya riƙa shafawa yana nan ina nuna wa 'ya'yana. Ka turo min hoton rubutun jikinta ta gefe in ga ko irin tawa ce, sai in tambayar maka tsohon nan ko har yanzu idonsa na gani.