Tambaya da Amsa: Yaya ginin dutse ke cin wuta?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Injiniya. Ni ɗalibi ne mai karanta zanen gine-gine a nan Kaduna. Gardama ce ta haɗa ni da abokina a kan majami'ar Notre-Dame ta birnin Paris da ta yi gobara. Shi ya ce dutse ba ya ƙonewa, kuma wadda aka buɗe daga baya sabon gini ne aka laƙaba masa tsohon suna. Wane ne da gaskiya? Sannan irin wannan gyara zai yiwu a tsohon masallacin Juma'a na Zariya? Daga ɗanka, wani ɗalibi a Unguwar Rimi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Abokinka ya kama gaskiya ta gefe ɗaya, sauran ta kuɓuce masa. Dutse ba ya kamawa da wuta, haka ne. Abin da ya ci ranar 15 ga Afrilu, 2019, shi ne rufin. In ka tsaya cikin majami'ar ka ɗaga kai, dutse za ka gani an ɗaure shi baka-baka, amma a samansa akwai wani rufin na katakon itacen oak, wanda saboda yawansa Faransawa ke kiransa daji. An fara ginin tun 1163, wani sashe na katakon ya yi kusan shekara 800 yana bushewa. A bisansa kuma an shimfiɗa darma. Ƙararrawar gobara ta buga da yamma, sai aka tura mai gadi ya duba wani wuri daban, kafin a gano inda hayaƙin yake an yi asarar kusan rabin awa. Da daren nan doguwar hasumiyar tsakiya, mai tsawon mita 96, wadda masanin zanen gine-gine Viollet-le-Duc ya ɗora a ƙarni na 19, ta karye ta faɗo, ta huda rufin dutsen. 'Yan kwana-kwana ɗaruruwa suka duƙufa, wasu suka haura hasumiyar arewa inda manyan ƙararrawa suke rataye a jikin katako, don in ta zube gaban ginin zai bi ta. Ba wanda ya mutu. Masu bincike ba su ga alamar da gangan aka sa wutar ba, sun fi zargin wayar lantarki ko guntun sigari.

To ga inda abokinka bai kai ba. Dutsen da aka yi ginin da shi irin wanda ake ƙonawa ne a samu farar ƙasa. In zafi ya yi masa yawa sai fuskarsa ta yi laushi tana marmashewa, in kuma aka watsa masa ruwan sanyi yana da zafi sai ya tsage. Saboda haka ko bayan wuta ta mutu, ginin bai tsira ba. Bango ya sha ruwa, rufi ya jiƙe ya yi nauyi, darma sama da tan 400 ta narke ta bar ƙura mai guba a ko'ina, har sai da aka tsayar da aiki don a kare lafiyar ma'aikata. Dama ana cikin gyaran hasumiyar ne wutar ta tashi, sai ƙarafan da magina ke takawa, kusan guda 40,000, suka narke suka manne da juna a saman ginin. Mutane ne rataye da igiya suka riƙa yanke su ɗaya bayan ɗaya, ba a gama ba sai ƙarshen 2020. A wurina wannan ne aikin da ya fi ban tsoro, ko da yake ba shi ake nunawa a talabijin ba.

Batun sabo ko tsoho kuwa: bangaye, hasumiyoyi biyu na gaba, manyan tagogin nan masu zagaye na gilashi kala-kala, duk na asali ne, wanke su aka yi. Rufi da hasumiyar tsakiya su ne sabbi. An yi ta kawo shawarwari, har da masu cewa a yi rufin gilashi, amma a Yulin 2020 Shugaba Macron na Faransa ya amince a mayar da shi yadda yake. Aka saro itatuwan oak wajen 2,000 daga dazuzzukan Faransa, kafintoci suka sassaƙe da yawansu da gatari kamar yadda na da suka yi. An buɗe majami'ar ranar 7 ga Disamba, 2024, an kuma saka mata bututun feshin ruwa da shingen tare wuta a cikin rufin. Kuɗi ba a magana, gudummawa ta haura Yuro miliyan 800. Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai guda biyu ne. Wani malamin tarihin gine-gine, Andrew Tallon, ya auna ginin lungu-lungu da na'urar lesa kafin rasuwarsa a 2018, ga kuma zanen Viollet-le-Duc a ajiye. Sannan akwai masu sana'ar da ransu, waɗanda suka san yadda ake haɗa katako da katako.

Mu dawo gida. Masallacin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, na ƙasa ne da azara. Wani sashensa ya rufta ranar 11 ga Agusta, 2023, ana sallar la'asar, aka rasa rayuka, Allah Ya jiƙan su. Ginin ƙasa ba wuta ce babbar abokiyar gabarsa ba, ruwa ne da gara. Indararo ɗaya ya toshe, damina biyu ta ishe shi. Na sha shiga tsofaffin zaurukan da aka shafe da siminti wai don su daɗe, ka ƙwanƙwasa bango ka ji ƙarar rami, ka sa farce a tsaga sai ga jiƙaƙƙiyar ƙasa tana zubowa, domin siminti ya hana ta shan iska.

Gyara yana yiwuwa, ɗana, kuma kayan aikin ba su da tsada irin na Paris: jar ƙasa, tubali, azara, makuba. Awo ma akwai, domin wani masanin zanen gine-gine ɗan ƙasar Poland, Dmochowski, ya auna gine-ginen gargajiyar ƙasar nan da dama, kuma an gina kwaikwayon wannan masallaci a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Damuwata tana wurin hannu. Maginin da zai ɗaura bakan gizo, ya jera azara hawa-hawa har su haɗu a tsakiya ba tare da kankare ba, yau sai an cigita, 'ya'yansu kuma sun koma bulo da siminti, ban ga laifinsu ba tunda nan abinci yake. In kun samu hutu, kai da abokin naka ku hau motar Jos a tashar Kawo da tef da littafi, ku auna bakan nan da kanku, sannan ku nemi tsohon magini a cikin birnin Zariya ya nuna muku yadda ake jiƙa ƙasa ta kwana kafin a murza tubali.